Robar Silifa a Bayan Madubi

Ku da kuke zuwa koyon aiki wurina yanzu, kowa da waya a hannu, gani kuke aikin gilashi bai wuce a auna, a ja layi, a ɓalle, a manna a bango ba. Kwanan baya wani a cikinku ya ce mini ya kalli yadda ake yi a waya, kafin azumi zai ƙware. Ban yi masa musu ba, na miƙa masa dayamon da guntun gilashi. Yana nan zaune a cikinku da filasta a yatsa, ba sai na nuna shi ba.

Tagar wani shagon tela a Kaduna ita ce aikin farko da maigidana, Baba Rafi'u, ya yarda na taɓa. Bayarabe ne, gajere, mai faɗa kamar an aiko shi. Kafin wannan taga na daɗe ba abin da nake yi sai shara da ɗauka, kuma ɗaukar ma sai da ya koya mini. Gilashi a tsaye ake ɗaukarsa, ba a kwance ba, kuma in za ka tsallaka titi da shi sai ka fara duba inda iska take kaɗawa, in ba haka ba ita za ta zaɓa maka hanya. Dayamon, wato ɗan abin yankan nan mai kama da alƙalami, sai an tsoma bakinsa a kananzir. Ja ɗaya ake yi, ba a maimaitawa. Baba Rafi'u ba ya ma kallon hannuna, baya yake juya mini ya kasa kunne. In ƙarar ta fita siririya ba yankewa, sai ya ci gaba da cin goronsa. In ta yi gargada, kafin in ɗago kai na ji rula a ƙeya.

Shi ya fara kai ni shagon wani mai aski don in ga aikin wani da ya lalace. An manna madubi mara kauri a bangon da ba a shafe shi daidai ba, madubin ya bi bangon ya lanƙwashe. Duk wanda ya zauna aski sai ya ga kansa ya yi tsawo kamar gwanda. Mai askin yana ta rasa kwastomomi bai san dalili ba. Tun ranar na riƙe cewa kafin ka taɓa madubi, bango za ka fara dubawa, ka ɗora doguwar rula a kansa ka ga ko haske yana ratsawa ta ƙarƙashinta.

Da mulkin farar hula ya dawo, kuɗi suka ɓarke a Abuja, na tattaro kayana na taho. Ka kwana ka tashi ka ga bene inda jiya ake noman dawa, kuma kowane bene gilashi yake so, mai shuɗi ko mai ruwan shayi. Na kama shago a gefen Utako. Kwastoma kuwa na gani iri-iri. Akwai wadda ta auno tagarta da igiyar roba, ta ƙulla, ta kawo mini, na yanka, ta dawo tana zagina wai ya yi gajarta. Akwai Alhajin da ya sa na lulluɓe falonsa da madubi har silin, bayan mako ya aiko in zo in rage, wai in baƙo ɗaya ya shigo sai ya ga kamar unguwa guda ce ta zo maula.

Sai shekarar rusau ta zo. Aka shafa wa layinmu jan fenti, muka ce ai sun saba, ba za su zo ba. Suka zo da katafila ana tsakiyar ciniki. Mai siminti ya jefa buhunansa a mota, mai katako ya ja nasa, ni kuwa kayana ba sa son gaggawa. Abin da na tsira da shi bai fi abin da na rungumo ba, sauran na tsaya ina jin ƙararsu. Na mai da iyali Malumfashi, na raɓe a kusurwar rumfar wani abokina a Dei-Dei ina yanka gilashin fitila da na hoto. Na ce wa kaina in damina ta faɗi ban samu abin kamawa ba, zan bi su in ɗauki fartanya. Kuma Allah ya sani ba na son noma, noma ma ba ya sona.

A wannan rumfa Madam Rifkatu ta same ni. 'Yar Jos ce, ta yi karatun tsara cikin gini a waje, doguwa mai saurin tafiya da saurin magana. Wani attajirin atamfa da shadda, Alhaji Badamasi, ya kama hawa biyu a sabon ginin kasuwar zamani, irin wanda ake ce wa mol, zai buɗe kantin da ake samun komai, daga leshi har firji. Ita aka ba tsarin cikin. Manyan kamfanonin gilashi duk aiki ya yi musu yawa, shi ya sa ta biyo ta kaina. Ta ce Alhaji yana ƙasar waje, in ya dawo zai duba da idonsa. In aikin ya yi masa, gilashin otal ɗin da yake ginawa nawa ne. In bai yi ba, kowa ya kama gabansa. Ni dai na san wannan otal shi ne zamana a Abuja.

Ranar da muka zagaya sashen tufafi ta tsaya ta dube ni.

"Malam Hashimu, kana iya sa madubi ya rage mutum?"

Na ce, "Madam, ni aikina in hana shi yin haka."

Ta yi dariya. "A waje duk shagon kaya haka suke yi. Mace ya sa riga, ya ga kansa ya yi silim, ya sayi biyu. Ka san yadda madubi yake lalacewa da kansa, ko? To ka lalata mini shi kaɗan, da hankali."

Wallahi abin ya burge ni. Shekara da shekaru ina gudun lanƙwasa, ashe akwai inda ake biyan mutum ya yi ta. Na sayo madubai marasa kauri, na tara tsofaffin silifa na yanka robarsu siri-siri. Sai in jera robar a bayan madubi, a tsakiya, daga sama har ƙasa, in ɗaure gefunan da sukuru. Cikin madubin sai ya ɗan turo gaba, abin da bai fi kaurin farce ba. In ka ƙara ya fashe, ko ka koma shagon mai askin nan. In ka rage, wahalar banza ka yi. Na farko da na gama, wani mai fenti mai tumbi na kira ya tsaya. Ya juya dama, ya juya hagu, ya ce ashe bai lalace kamar yadda matarsa take faɗa ba.

Ina da wata al'ada da nake so ku ɗauka. In na gama aiki a wurin jama'a, sai in koma gida in yi wanka, in sa kaya masu kyau, in dawo a matsayin mai saye. Wanda ya ba ka aiki ba zai gaya maka gaskiya duka ba, amma masu wucewa ba su san ka ba. Haka na yi a makon da aka buɗe kantin. Na ɗauki kwando na jefa sabulu ɗaya a ciki, na yini ina zagaye da shi.

Abin da na fi ji shi ne "kamar Dubai". Ma'aikatan gwamnati suna faɗa, masu gadi suna faɗa, har wanda na tabbata bai taɓa wuce Zuba ba na ji ya ce sak Dubai. Wani dillalin shanu daga Dei-Dei ya dubi tayil ɗin ƙasa yana sheƙi, ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hammata. Ya zagaya ya zagaya, ya ce da abokinsa, "Wuri ya yi kyau, amma ina ake zama a yi ciniki? Ba benci, ba mai ce maka albarka, ga sanyi. Wannan ai asibiti ne." Wani mai lemo daga Zuba bai kalli kaya ko ɗaya ba, fitilun sama yake kallo, yana cewa da zai samu irinsu a rumfarsa ko ruɓaɓɓen mangwaro sai ya tafi. Wata tsohuwa aka kai ta bakin matakala mai tafiya da kanta, ta ce ita ba ta hawa abin da bai tsaya ta sa ƙafa ba. Mutum-mutumin tallar kaya kuwa an cire musu kai don kada a ce gumaka ne, sai ga wata tana cewa marasa kan sun fi ba ta tsoro. Da yawa kuma ba saye ya kawo su ba, sanyin na'ura suka zo sha, kamar ni da sabuluna.

Madubaina kuwa da farko sai murna. 'Yan matan ofis layi suke yi a gabansu. Na ji wata tana gaya wa ƙawarta a waya ta zo ta gani, akwai wani haske a wurin nan da yake fito da mutum. Na koma bayan tarin tawul na yi dariyata ni kaɗai.

Sai wata Hajiya ta shigo sashen leshi, ita da ƙanwarta. Mace ce cikakkiya, irin wadda in ta shiga biki ake matsa mata kujera biyu, hannu duk zinari. Ta yafa leshi a kafaɗa ta tsaya gaban madubi. Na ga murmushinta ya ɗauke.

"Ke Binta, dube ni da kyau. Na rame ne?"

"Haba Yaya, ina kika rame?"

"Kada ki ɓoye mini. Dubi wuyana. Shi ya sa jiya matar nan take ta kallona a gidan suna."

Ta ajiye leshin ta fita ba ta sayi ko zare ba. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba, ku da kuke biyan kuɗi a sa ku gudu don ku rame. A shekarun nan in aka ce wane ya rame, ba a tsayawa a nan, sai an rage murya an ƙara wata magana. Ko dai abin hannunsa ya ƙare, ko kuma ciwon nan da ba a son kiran sunansa. Jiki shi ne shaidar cewa gwamnati tana yi da kai. Wani ɗan siyasa ya gwada babbar riga a sashen maza, ya ga rigar ta fi ƙarfinsa, ya kira manaja ya ce shi ya sha wuya kafin ya tara wannan tumbi, ba madubin kanti ne zai ƙwace masa ba.

Magana ta bazu. Abokan Alhaji Badamasi suka riƙa buga masa waya har can waje suna tsokanarsa, wai ya buɗe kantin da ake shiga da ƙiba a fito da rama. Manaja ya kira mu ofis, ni da Madam Rifkatu, ya ce Alhaji ya fusata, yana hanya, kuma ya ce a ajiye masa mai madubin. Na ji tsoro ƙwarai. Ina zaune a kujerar ofis mai laushi amma gonar Malumfashi nake gani.

Muka fito muna tafiya, ni da Madam. Can ta ce, "Oga Hashimu, in roba a tsakiya yana rage mutum, in ka sa shi a gefe fa?"

Haka aka yi. Sashen 'yan mata muka bar shi yadda yake. Sashen leshi da na shadda na kwance madubai, na mai da robar gefe da gefe, na danne tsakiya da gam. Yanzu cikin madubin ya ɗan shige, duk wanda ya tsaya sai ya ƙara faɗi kaɗan, kumatu su ciko. Na sake ɗaukar kwandona. Hajiyar nan ta dawo, ƙanwarta ce ta lallaso ta, ta tsaya tana hararar madubin kafin ta kalle shi sosai. Sai ta ce ai ga shi sun gyara fitilar wurin, ta sayi leshi har da na kyauta. Uba ya shiga hagu ya fito ya cika riga, 'yarsa ta shiga dama ta fito kamar sanda, su haɗu wurin biya kowa yana yabon kanti. Madubi ɗaya ne kawai ban taɓa sa wa roba ba, wanda ke jikin ginshiƙi a gindin matakalar ofishin Alhaji. Mai kauri ne, ba ya lanƙwasuwa, kuma ginshiƙin a miƙe yake.

Alhaji ya iso da hantsi. Ban taɓa ganinsa ba sai a babban hoton da ke ofishin manaja, mutum mai kumatu, wuya ya cika wuyan riga. Wanda ya fito daga mota kuwa babbar rigarsa tana lilo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Ashe zaman wajen na asibiti ne. Tun daga bakin ƙofa ake ta faɗin abu ɗaya: sannu Alhaji, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Yana amsawa da ka, bai kalli kowa ba.

Ya zagaya kantin a hankali, muna biye. Ya yaba fitilu, ya ce a sa benci biyu a sashen shadda don dattawa. Ya tsaya gaban madubin wurin, ya daɗe, ya ce wannan ai lafiyarsa ƙalau, mutane dai da surutu. Na fara jin iska tana shiga ƙirjina. Muka nufi ofis, ya zo gindin matakala, ya ɗaga kai ya yi ido biyu da kansa a madubin ginshiƙi. Ya tsaya cak.

"To ga shi nan. Wannan ne mai ramar da mutane. Ina mai gilashin?"

Na matso na durƙusa. "Ga ni, ranka ya daɗe."

"Auna shi in gani."

Na ɗauko doguwar rula na ɗora a fuskar madubin. Ta kwanta luf, ko gashi ba zai ratsa ba. Madam Rifkatu ta gani, manaja ya gani, duk suka sunkuyar da kai. A duk kantin nan wannan ne kaɗai madubin da Baba Rafi'u zai sa wa hannu. In na ce daidai yake, na wanke aikina, amma na gaya wa mutum a gaban ma'aikatansa abin da ya tsallaka teku yana gudu. In na ce ya karkace, na amsa da bakina cewa ban iya aiki ba, a gaban mai otal. Sai na zura ɗan yatsana ƙarƙashin ƙarshen rular, haske ya ratsa.

"Ranka ya daɗe, ginshiƙin ne ya ɗan turo ciki. A ba ni zuwa gobe."

Ya ce, "Gobe in zo in gani. In bai gyaru ba ka kwashe kayanka."

Wannan madubi shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi, kuma ba a waya za ku gan shi ba. Bayan la'asar na sauke mai kaurin, na kawo mara kauri. Matsalar ita ce awo. In na mai da shi mutumin cikin hoto, zai gane wasa ake yi masa. In na yi kaɗan, ban yi komai ba. So nake ya ga kansa kamar yadda yake watannin baya, lokacin da ciwon bai gama cinsa ba. Na fere robar da reza har ta kusa zama takarda, na sa, na cire, na ƙara, na rage. Manaja siriri ne, shi na yi ta tsayarwa a gaba har ya gaji ya ce ko shi zan aura.

Washegari Alhaji ya zo ya tsaya. Ya gyara zaman hularsa, ya ja wuyan riga, ya juya gefe. Sannan ya ce kowa ya ba mu wuri. Da suka yi nisa, bai juyo ba, ta cikin madubin yake kallona.

"Malam Hashimu, ni da awon yadi na girma. Na ga yatsanka jiya a ƙarƙashin rula."

Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Na jiya daidai yake, na sani. Amma bar wannan. Tun daga filin jirgi kowa sannu yake ce mini, har direbana. Wannan ne kaɗai bai ce ba."

Tausayinsa ya kama ni. Ya taka matakala yana dafa ƙarfe, ya tsaya a tsakiya ya ce gobe in je otal in fara auna tagogi.

Ma'aikatan kantin sun ce kullum da safe sai ya tsaya a wurin ya gyara hula kafin ya hau. Bai ga an buɗe otal ɗin ba, Allah ya ji ƙansa. Bayan 'yan shekaru 'ya'yansa suka sake tsarin kantin, aka kira ni na sauke duk madubai masu ƙara ƙiba, don yanzu kowa rama yake so. Babban ɗan ya nuna na ginshiƙi ya ce wannan ma kamar ba daidai yake ba, in cire. Na ɗora sukudireba, na yi nishi, na ce sukurun sun ci tsatsa, in aka matsa ginshiƙin zai tsage. Ya ce to a bar shi.

Yana nan har yau a gindin matakalar. Duk siririn da ya bi ta wurin sai ya ɗan dakata ya gyara hula.